Katin da ba ya mutuwa, amma ba ya kisa

Tambaya: Malam, muna buga Yu-Gi-Oh a waya da abokaina a Tudun Wada. Ina da katin Sinister Serpent, ƙarfinsa 300 kacal, amma duk sanda aka kashe shi sai ya dawo hannuna. In ajiye shi ko in cire?

Amsa: Ƙanena, kana auna shi da ma'aunin da ba nasa ba. In faɗa kake so, Blue-Eyes White Dragon mai ƙarfin 3000 zai murƙushe shi, kuma da ƙarfin 300 sai ka yi furfura kafin ka cinye maki 8000 na abokin karawarka.

Amfaninsa yana wajen biya. Akwai katunan da ba sa aiki sai ka yar da kati daga hannunka. Wani zai yar da mai daraja ya yi asara, kai kuwa ka yar da macijin nan, zagaye na gaba ya dawo, kamar akuyar da aka sayar a kasuwa da safe ta kwana a gida. Saboda wannan ne kamfanin Konami ya haramta shi a gasa tsawon shekaru, sai da aka sake rubuta ƙa'idarsa a 2015, aka rage masa dawowar, sannan aka sake shi. Don haka duba wace siga ce a wayarku.

Yanzu ƙirga katunanka masu neman a yar da wani. In suna da yawa, riƙe macijin. In babu, gurbi kawai yake ci maka cikin kati 40 ɗin da kake bugawa da su, cire shi.