Turancin Muhawara: Darasi Daga Tsutsar Nama

Sau da yawa ɗalibi yakan fahimci darasi sarai, amma da an tashi muhawara da Turanci a aji, abin da yake iya faɗa bai wuce "You are wrong" ba, wato ka yi kuskure. Wannan magana musu kawai take haifarwa. Akwai jimlolin da suka fi ta amfani, kuma wata tsohuwar gardama a ilimin halittu za ta nuna inda kowace take shiga.

Mutanen da sun ɗauka cewa ruɓaɓɓen nama ne da kansa yake haifar da tsutsa, domin duk inda nama ya ruɓe ana ganinta. A nan mai muhawara zai ce "It does not follow that…", ma'ana ganin abu biyu tare ba ya tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifi ɗayan. Sai ya bi da tambayar da ta fi kowace nauyi: "What is the evidence?", wato ina hujja?

A shekarar 1668 wani likita ɗan Italiya, Francesco Redi, ya zuba nama cikin kwalabe, ya bar wasu a buɗe, ya toshe wasu. Tsutsa ta fito a buɗaɗɗun kaɗai. To amma ana iya cewa rashin iska ne ya hana ta fitowa a tosassun. Wannan suka ce mai ma'ana, kuma ana gabatar da irinta da "I agree up to a point, but…", wato na yarda da wani ɓangare, sai dai da sauran magana. Redi ya rufe bakin wasu kwalaben da ƙyalle mai shara-shara, iska tana shiga, ƙuda ba ya shiga. Naman bai yi tsutsa ba. Ƙudaje kuwa suka bar ƙwayayensu a kan ƙyallen.

Wajen bayyana sakamako ne ɗalibai suka fi zamewa, domin suna gaggawar cewa "This proves that…". Ya kamata malamai su saba musu da "The results suggest that…", wato sakamakon yana nuni da cewa. Gwajin Redi ya warware zancen tsutsa ne kurum. Gardama kan ƙananan halittun da ido ba ya gani ta ci gaba kusan shekara 200, har zuwa gwaje-gwajen Louis Pasteur a Faransa.