Amsoshin Tambayoyinku: Ko Fatar Saniya Tana Gyara Fatar Ɗan Adam?

Wani mai sauraronmu daga Mai'aduwa, a ƙasar Daura, ya aiko yana tambaya ko da gaske ne likitoci na rufe ƙuna da abin da aka samo daga jikin shanu.

To, malam, haƙiƙa haka al'amarin yake. Sinadarin nan da ke sa romon ƙafar sa ya daskare idan ya kwana, wanda kuma shi majema ke sarrafawa har fata ta zama kirgi, sunansa kolajin, kuma kusan sulusin furotin ɗin jikinmu shi ne. A 1981, a birnin Boston na Amurka, likita John Burke da masani Ioannis Yannas suka bayyana cewa, idan aka tace shi daga jikin saniya, aka mai da shi soso mai ƙananan ƙofofi, aka shimfiɗa bisa rauni kamar azarar da magini ke jerawa kafin ya ɗora ƙasa, ƙwayoyin halittar majinyaci da hanyoyin jininsa sukan kutsa ciki su gina sabon nama, shi kuwa soson ya narke sannu a hankali, da ikon Allah. Bayan mako biyu zuwa uku sai a ɗora wa majinyacin siririyar fata daga jikinsa. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1996 da sunan Integra, illa dai tsadarsa ta fi ƙarfin talaka.

Sai dai a kula, akwai irinsa da ake yi daga alade, wanda fuƙaha'u suka yi saɓani a kansa ta fuskar larura da istihala, wato sauyawar abu daga asalinsa. Saboda haka wajibi ne majinyaci ya tambayi likita asalin wanda za a sa masa.