Nazari: Yadda Birnin Glendale Ya Ci Bashi Domin Riƙe Ƙungiyar Wasa

Masu shugabancin birane a ƙasar Amurka sun daɗe da al'adar gina wa ƙungiyoyin wasanni na 'yan kasuwa filaye da kuɗin jama'a, bisa fatar cewa 'yan kallo za su kawo ciniki, ciniki kuma ya kawo haraji. Abin da ya auku a Glendale, wani birni mai mutane kimanin dubu 250 a yammacin Phoenix cikin jihar Arizona, ya isa abin nazari ga duk wanda yake zuba jari domin haya ga mutum guda.

Ƙungiyar da ake magana a kanta tana wasan hoki ne na kan ƙanƙara, wanda ake yi da sanduna a cikin rufaffen zaure mai sanyi. Asalinta daga Winnipeg ta ƙasar Kanada take, inda wasan yake da farin jini ƙwarai. A 1996 aka ɗauke ta zuwa Phoenix, ƙasar hamada da zafi, aka sa mata suna Coyotes. Da yake zauren da ta samu a can domin ƙwallon kwando aka gina shi, sai majalisar Glendale ta ciyo bashin kusan dala miliyan 180 ta gina mata nata, mai cin mutum fiye da dubu 17, aka buɗe shi a Disamban 2003. Lissafin da aka yi shi ne, kantuna da gidajen abinci na unguwar Westgate da ake ginawa a gefen zauren za su samar da harajin da zai biya bashin.

Lissafin bai fita ba. Da yawa daga cikin masu sayen tikiti suna zaune ne a gabashin Phoenix, nesa da zauren, ginin Westgate ya yi jinkiri, sannan tattalin arzikin Amurka ya durƙushe a 2008. A watan Mayun 2009 mai ƙungiyar, Jerry Moyes, attajirin manyan motocin dakon kaya, ya kai ta kotun masu karyewar jari, da nufin sayar da ita ga Jim Balsillie na kamfanin wayar BlackBerry a kan dala miliyan 212.5, a mai da ita Hamilton ta Kanada. Kotu ta ƙi, hukumar gasar, watau NHL, ta saye ta da kanta a kan dala miliyan 140.

Daga nan ne birnin ya shiga halin gaba kura baya sayaki. Bashin ginin yana nan ko an yi wasa ko ba a yi ba, gini kuma ba ya ƙaura, amma ƙungiya tana iya tattara kayanta cikin dare ɗaya. Wanda zai iya tafiya shi ke yanka farashi. Saboda tsoron kada zauren ya zama kufai, majalisa ta amince ta biya NHL dala miliyan 25 a kowace shekara har shekaru biyu domin cike asarar ƙungiyar. Mai gida ya koma biyan ɗan haya ke nan. A 2011 aka shirya birnin ya ba wani mai son sayen ƙungiyar, Matthew Hulsizer, dala miliyan 100 da sunan sayen haƙƙin wuraren ajiye motoci. Cibiyar Goldwater ta yi barazanar kai ƙara, ta ce tsarin mulkin Arizona ya hana a yi wa ɗan kasuwa kyauta da dukiyar jama'a, cinikin ya watse. A 2012 birnin ya ƙara harajin saye da sayarwa daga kashi 2.2 zuwa kashi 2.9 cikin ɗari, ya kuma rage ma'aikata.

Duk da haka, a Yulin 2013 majalisa ta amince, da ƙuri'a 4 a kan 3, ta biya sababbin masu ƙungiyar dala miliyan 15 kowace shekara har shekara 15 a matsayin ladan kula da zauren, jimlar miliyan 225, abin da ya zarce bashin da aka ci aka gina shi. Hujjar masu goyon baya a kowane zagaye iri ɗaya ce: an riga an kashe da yawa, ba a janyewa yanzu. A harkar kasuwanci wannan hujja ba ta da ƙarfi, domin kuɗin da ya tafi ya tafi. Abin aunawa shi ne ko kuɗin da za a ƙara zai dawo. Majalisa ta soke yarjejeniyar a Yunin 2015, aka sake wata ta shekara biyu a kan miliyan 6.5 a shekara.

A Agustan 2021 birnin ya sanar da cewa ba zai sabunta hayar ba, yana mai cewa masu zuwa kallon mawaƙa sun fi 'yan kallon hoki kashe kuɗi a Westgate. A Disamban wannan shekara har sai da ya yi barazanar rufe wa ƙungiyar ƙofa kan harajin dala miliyan 1.3 da ba ta biya ba. Ta koma wani ƙaramin zaure na Jami'ar Jihar Arizona mai kujeru kusan dubu 5, a Mayun 2023 kuma mutanen birnin Tempe suka kaɗa ƙuri'ar ƙin shirin gina mata sabon wuri na dala biliyan 2.1.

A Afrilun 2024 aka sayar da 'yan wasan da sauran harkar ƙungiyar ga Ryan Smith a kan dala biliyan 1.2, suka koma birnin Salt Lake na jihar Utah. Alex Meruelo, wanda ya sayi ƙungiyar a 2019, ya karɓi dala biliyan 1. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi: Glendale ba ta da hannun jari a ƙungiyar, saboda haka ba ta da kaso a cinikin, kuma lokacin da 'yan wasan suka bar zaurenta a 2022 ba ta gama biyan bashin ginin ba.