Garkar gida a lokacin bazara

Yara, garinmu Arlit yana cikin hamada, yamma da duwatsun Abzin. An kafa shi a shekara ta 1969 saboda ma'adinin uraniyom. Ruwan sama kaɗan ne ƙwarai a nan. Ruwan da muke sha daga ƙarƙashin ƙasa ake jawo shi. Tsohon ruwa ne, ya taru tun shekaru dubbai da suka wuce, lokacin da Sahara take da ciyawa da tafkuna. Abin da aka ɗiba ba ya komawa da sauri. Saboda haka mai garka a Arlit yana tattalin ruwa kamar yadda uwargida take tattalin mai.

Abin da za a shuka

A watan Mayu da na Yuni zafi yakan wuce digiri 40. Salati da shu da karoti ba su son wannan zafi, sai a bar su sai lokacin ɗari. Tumatir ma furensa yakan zube kafin ya yi ƴaƴa. Kuɓewa da yakuwa da rama da kankana su ne masu jimiri. Zogale kuwa, in ya kama ƙasa, ruwa kaɗan ya ishe shi, ga ganyen miya kullum.

Tattalin ruwa

Ku yi fangali mai ɗan zurfi, don ruwa ya tsaya a gindin shuka. Ku zuba taki wanda ya ruɓe sosai, domin rairayi ba ya riƙe ruwa sai da taki. Ku yi ban ruwa da sassafe ko da marece. Ruwan tsakar rana, rabonsa na rana ne.

Ku rufe ƙasa da busasshiyar ciyawa. In awaki sun riga ku, tsohuwar tabarma ko kwali sun isa. Ku yi darni ta wajen da iska take bugowa, don iska mai zafi tana shanye laima, tana kuma rufe ganye da ƙura.

Ga wata dabara. Ku binne tulu na yumɓu har wuya a tsakiyar fangali, ku cika shi da ruwa, ku rufe bakinsa. Ruwan zai riƙa tsattsafowa a hankali zuwa saiwoyi. Ruwan alwala da na wankin shinkafa duk suna da amfani. Amma kada ku zuba ruwan wanki mai sabulu da yawa, yana ƙara wa ƙasa gishiri.

Kashedi: kada ku tara ruwa cikin tano ko tiyo da aka fitar daga wurin haƙar ma'adini. Kada ku yi shinge da ƙarafan can. A 2003 da 2009 masu bincike sun auna, sun sami wasu ƙarafa masu guba a garin nan. Wannan guba ba a ganinta da ido, ba ta da wari.

Abokan gābar garka

Wata shekara, a garkar lakwal, mun ga ganyen yalo yana fari-fari. Muka ce ƙishirwa ce, muka yi ta ƙara ruwa. Bayan sati biyu duk fangalin ya bushe. Da muka juya ganye, sai ga wasu jajayen ƙwari ƙanana kamar ƙura, da saƙa irin ta gizo-gizo. Mun yi hasarar ruwa, mun yi hasarar yalo, don ba mu duba bayan ganye ba.

Wannan jan ƙwaro yana son zafi da ƙura. Darɓa da farin ƙuda su ma a bayan ganye suke ɓuya, suna tsotse ruwansa. Akwai kuma ƙaramar tsutsa mai shiga cikin ganyen tumatir da ƴaƴansa. Asalinta daga Amurka ta Kudu ne. A 2016 ta cinye gonakin tumatir masu yawa a Kano da Kaduna.

Maganin farko shi ne ido. Kowace safiya ku juya ganye ku duba. Ku tsince tsutsa da fara da hannu, ku ba kaji. Ganyen da ya kamu sosai, ku cire ku ƙone, kada ku jefar kusa da garka.

Magani na biyu shi ne ƴaƴan bedi, wato dogon yaro. A ɓare su, a daka rabin kilo, a jiƙa cikin litir 10 na ruwa, ya kwana. Da safe a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu kaɗan. A yayyafa da marece, sama da ƙasan ganye. A sake bayan sati guda. Maganin kanti kuwa ba na yara ba ne, kada ku taɓa shi.

Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Wanda ya kula da fangali guda yau, gobe zai iya babbar garka.

Tambayoyi

1. Daga ina ruwan Arlit yake fitowa?
2. Waɗanne shuke-shuke ne suke jure zafin bazara?
3. Don me ba a ban ruwa da tsakar rana?
4. Wane kuskure aka yi a garkar lakwal?

Lissafi

Wata yarinya tana da fangali 3. Tana zuba wa kowane litir 20 a rana. Da ta rufe ƙasa da tabarma, sai ta koma litir 15. Litir nawa ta tanada cikin sati guda?

Aiki

Kowa ya kawo ganye biyu gobe, mai lafiya da maras lafiya. Za mu duba bayansu tare, mu zana abin da muka gani cikin kaye.