Horon Ma'aikata A Bakin Aikinsu

Kalmar horo tana da ma'ana biyu, watau koyarwa da hukunci. Shugabanni da yawa sun riƙe ta biyun, sun saki ta farin. Wannan darasi a kan ta farin yake, an kuwa shirya shi domin Hakimai da malamansu, musamman na ƙasar Batsari da ta Safana.

Koyar da ma'aikata ba baƙon abu ba ne a Arewa. A 1947 aka buɗe makarantar koyon aikin akawu a Kongo, Zariya, inda En'e-En'e suka riƙa aika malamansu; a 1962 ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello. A 1975 aka soma Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya. Daga baya shirye-shirye irinsa suka ɗauki wata hanya: a tara malaman gona kowane mako biyu a koya musu aikin da lokacinsa ya yi, sa'an nan su fita ƙauyuka a ranakun da aka tsayar, babbansu yana bi yana dubawa. Amfanin wannan hanya shi ne maimaitawa da bin sawu.

Mulkin En'e ya ƙare a 1976, an kuma soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna a 1979. Duk da haka Hakimi shi ne uban ƙasa. Magatakarda da dagatai da masu unguwa suna ƙarƙashinsa, gare shi kuma talakawa suke kawo ƙarar mai karɓar kuɗin kasuwa da mai sayar da taki. A ƙasashen nan biyu da ke bakin Dajin Rugu, ɓarnar 'yan bindiga ta rage rangadi, har sabon ma'aikaci ya kan daɗe ba wanda ya ga aikinsa. Saboda haka a duk sa'ad da hanya ta samu, a kiyaye waɗannan ƙa'idodi:

1. A nuna masa aikin da hannu, sa'an nan ya yi a gabanka. Gani ya kori ji.

2. A gyara kuskure ɗaya a zama ɗaya, a keɓe. Wanda aka tozarta a bainar jama'a ba ya koyon kome sai ɓoye laifi.

3. A auna aiki da abin da ya haifar. Mai sayar da taki ba yawan buhunan da ya sayar kaɗai za a tambaye shi ba. Ya gaya wa manomi cewa NPK ake fara sawa, yuriya kuwa sai shuka ta tasa? In bai sani ba, a koya masa, gama kuɗin talaka da damanarsa ne za su salwanta.

4. Magatakarda ya rubuta abin da aka gyara da ranar da za a koma dubawa, a kuma cika alkawarin ranar.

5. Wanda ya gyaru a yaba masa a gaban 'yan'uwansa.

Hukunci yana da wurinsa, ga wanda ya ci amana da gangan. Amma kafin a zargi ma'aikaci da sakaci, lalle ne shugabansa ya iya faɗin ranar da ya zauna ya koya masa aikin.