Marubuci Mai Cin Gashin Kansa: Ayyuka Biyar a Wuyan Mutum Ɗaya

Tun da muka fara liƙa gajerun labarai a wannan allo, tambaya ɗaya ake yawan yi mana: "Na rubuta labari ya cika littafin rubutu biyu, yaya zan yi ya zama littafi?" Darasinmu na wannan fitowa amsa ce ga masu wannan tambaya.

Bari mu fara da tarihi kaɗan. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar ƙagaggun labarai. Daga gasar aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Waɗannan marubuta rubutu kawai suka yi. Hukuma ce ta duba, ta gyara, ta buga, ta rarraba.

Daga tsakiyar shekarun 1980 al'amari ya sauya. Tattalin arziki ya taɓarɓare, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka fi karkata ga littattafan makaranta. Sai matasa, musamman a Kano, suka daina jira. Suka riƙa kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u, su biya da kuɗinsu, su kai wa 'yan kasuwa. Wannan ne wasu ke kira Adabin Kasuwar Kano. Daga cikinsa aka sami In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, aka kuma buga fassararsa ta Turanci a Indiya a 2012. Balaraba tana ƙarama aka cire ta daga makaranta, daga baya ta koma ta ajin manya. Wanda ke ganin ajinsa ya yi ƙasa da rubuta littafi ya tuna da wannan.

To, mai cin gashin kansa aikin mutum biyar yake yi. Shi ne marubuci, shi ne edita, shi ne mai zuba jari, shi ne ɗan talla, shi ne kuma mai bin bashi. A ce ya buga kwafi 1,000. Mai maɗaba'a ba ya jira, kuɗinsa yake karɓa. Shi kuwa mai shagon littattafai sau da yawa cewa zai yi a ajiye, in an sayar a zo a karɓa. Kafin kuɗin su dawo, sauran kwafin suna ɗaure a ɗaki, ga gara, ga danshin damina. Shi ya sa marubutan wancan lokaci suke raba labari zuwa na ɗaya da na biyu da na uku, domin cinikin na ɗaya ya buga na biyu.

Yau waya ta rage wannan wahala, ta kawo wata. Marubuci yana iya sa labarinsa a Wattpad ko a zauren WhatsApp ba tare da ya sayi takarda ba. Amma mutum ɗaya zai biya, ya tura wa ɗari kyauta. Wani ma ya goge sunan mai labarin ya sa nasa. Ga kuma masu karatu suna matsa lamba a ba su sabon shafi kullum, marubuci ya rubuta da dare ya saki da safe, ko sake karantawa bai yi ba.

A nan ne babban darasinmu yake. Cikin ayyukan nan biyar, akwai wanda mutum ba zai iya yi wa kansa shi kaɗai ba, wato gyara. Idon da ya rubuta abu ba ya ganin kuskurensa, domin abin da ke cikin kai yake karantawa. Mu ma mun ɗanɗana. A zangon da ya wuce mun liƙa labarin wata yarinya da ta "bata" a kasuwa, alhali "ɓata" muke nufi. Mu uku muka rubuta, ba wanda ya gani, sai wani ɗan aji ɗaya ne ya tsaya gaban allo ya tambaye mu wa ta ba. Marubutan Kano sun gane haka tun da wuri, suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama domin su taimaki juna. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga shawarwarin da muke amfani da su a kulob ɗinmu:

Na farko, a gama labari kafin a fara tunanin bango da farashi. Gajeren labari mai shafi uku da aka kai ƙarshe ya fi mai babi ashirin da ya tsaya a hanya.

Na biyu, in an gama a ajiye shi mako guda, sannan a karanta da ƙarfi. Duk inda harshe ya sarƙe, jimlar ce ke neman gyara.

Na uku, a kula da ƙa'idojin rubutu. Kafa daban, ƙafa daban. Haka bari da ɓari. "Yana" da "suna" a haɗe suke, "shi ne" da "ita ce" a rabe.

Na huɗu, a ba mutum biyu su duba: malamin Hausa domin ƙa'ida, da aboki mai faɗar gaskiya domin labarin kansa. A tambaye shi inda ya gaji da karatu, kada a tambaye shi ko ya yi daɗi.

Na biyar, a rubuta abin da aka sani. Wanda bai taɓa shiga jirgin sama ba amma ya san layin ɗiban ruwa da hayaniyar ɗakin kwanan ɗalibai, yana da labarin da ba mai ba da shi sai shi.

Na shida, a adana rubutun hannu na asali da kwanan wata, ko a aika wa kai kwafi ta imel. Ranar da wani ya yi iƙirarin labarin, hujja ce.

Ba mu ce kowa ya nemi kuɗin maɗaba'a yanzu ba. Karatu ne a gabanmu, kuma kada rubutu ya ci lokacin bitar jarrabawa. Akwai wuraren gwaji da ba sa cin ko kwabo, kamar wannan allo. Nan gaba kuma akwai gasanni irin Hikayata, wadda Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata marubuta.

Duk mai labarin da bai wuce shafi biyu ba ya kawo wa kulob. Za mu zauna tare da shi mu karanta, mu ja layi da jan biro inda ya dace, ya koma ya gyara, sannan mu liƙa da sunansa. Wanda kuma ya hango kuskure a wannan darasi ya zo ya nuna mana, za mu gode. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.