DARASI: GAJIYAR DA BARCI BA YA KAWAR DA ITA

'Yan'uwa, a cikin shekara ta 2014 cutar Ebola ta afka wa ƙasashen Gini da Saliyo da Laberiya. Kafin ta lafa a 2016, mutum fiye da 11,000 sun mutu, fiye da 500 daga cikinsu kuwa ma'aikatan lafiya ne. A Monrobiya, cikin filin ELWA, ƙungiyar likitoci ta MSF ta kafa wurin jiyya wanda ya kai gado 250, amma duk da haka bai isa ba. Tilas aka sa wani ya tsaya bakin ƙofa yana mai da marasa lafiya gida, alhali ya san abin da ke jiransu. Waɗanda ke ciki kuwa suna sanye da rigar roba tun daga kai har ƙafa, saboda zafi ba su iya jimrewa fiye da kamar sa'a guda.

Darasinmu na wannan wata a kan irin waɗannan mutane ne, watau ma'aikatan agaji, da abin da aikin ya kan yi musu.

Sa'ad da mutum ya gamu da hatsari, waɗansu 'yan halittu da ke bisa ƙoda su kan zuba wani ruwa cikin jini, ana ce da shi kotisol, da wani kuma adirenalin. Zuciya ta yi ta bugawa da sauri, sukari ya hau cikin jini, barci ya gudu. Wannan alheri ne ga wanda ke gudun kura, gama in ya tsira jikinsa ya kan koma daidai. Amma ma'aikacin agaji kurarsa ba ta tafiya. Gobe layin nan na mayunwata yana nan, jibi ma haka.

Wani likitan tunani, Herbert Freudenberger, ya lura da wannan a birnin New York, wurin masu aikin sa kai a wani asibitin kyauta. A 1974 ya rubuta a kan abin, ya ba shi suna da Turanci mai ma'anar ƙonewa ƙurmus, kamar lagwanin da kananzir ya ƙare masa. Abin mamaki, ya ga masu himma ne su ka fi kamuwa. Malalaci ba ya ƙonewa.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana alamunta uku. Ƙarfi ya ƙare, ko an yi barci ba ya dawowa. Zuciya ta yi sanyi ga aikin. Mutum kuma ya ga aikinsa ba ya cin gaba. Ta biyun ita ce mai ban tsoro, domin ba ta kama da ciwo. Malamar asibiti wadda dā ta kan durƙusa ta gai da tsohuwa, yanzu tsawa ta ke yi mata. Mai rabon hatsi ya daina ganin fuskoki, sai lambobin kati. Mu kan ce halinsu ya lalace, ko girman kai ya shige su. Sau da yawa ba haka ba ne. Shi kansa yana jin kunyar abin, sai ya ƙara aiki domin ya rufe, ramin kuwa sai ƙara zurfi.

Ina magani? Ɗaya daga cikin dabarun da a ke koya wa ma'aikata yanzu ita ce tara hankali. Jon Kabat-Zinn ya fara koyar da ita ga marasa lafiya a Jami'ar Massachusetts ta Amurka a 1979, koyarwar mako 8. Ga yadda a ke yi. Ka zauna, ka sa ƙafafunka a ƙasa, ka bi numfashinka yana shiga yana fita. Tunanin jiya ko na gobe zai zo ya ɗauke ka, babu shakka. Kada ka yi faɗa da shi. Ka lura ya zo, ka dawo ga numfashin. Amfaninta shi ne mutum ya gane wuyansa ya sage, fushi na tasowa, tun kafin ya zuba shi a kan wani.

Amma kada a ruɗe mu. Hukumar ta ce wannan ƙonewa daga wahalar wurin aiki ta ke fitowa, ba ta lasafta ta cikin cututtuka ba. Saboda haka shugaban da ya ɗora wa mutum ɗaya aikin mutum uku, sa'an nan ya aike shi ya koyi numfashi, bai yi kome ba. Sai an raba nauyin, a ba da ranar hutu a kuma tsare ta, a biya albashi kan lokaci.

Ku tuna kuma, yawancin ma'aikatan agaji 'yan ƙasa ne. Baƙo ya kan hau jirgi ya tafi hutu. Wanda ke aiki a sansanin gudun hijira a Maiduguri kuwa, wataƙila ƙanen uwarsa yana cikin layin, da yamma kuma 'yan'uwa suna jiransa a gida da tasu bukata.

In kuna da irin wannan a cikinku, ku bar tambayarsa labarin aiki kaɗai. Ku tambaye shi ko yana samun barci, da ran da ya yi hutu na ƙarshe. In kuwa mugayen mafarkai sun dame shi mako da mako, ko ya fara zancen gara ya mutu, ku raka shi wurin likita a ranar.